Ma'aikata Goma Sha Shida: Yadda Ƙwayar Korona Ke Kwafar Kundin Gadonta

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2020 ya san hoton nan na wani ɗan dunƙule mai ƙayoyi a jiki kamar ƙarangiya. Ƙayoyin nan su suka yi suna, domin da su ƙwayar korona take maƙalewa a jikin mutum, kuma su ne mafi yawan alluran rigakafi suke koya wa jiki ya gane. To, amma ƙaya mabuɗi ce kawai. Idan ta buɗe ƙofa, aikinta ya ƙare. Abin da ke sa mutum ya kwanta shi ne abin da ke faruwa bayan shigar, sa'ad da ƙwaya ɗaya ta zama dubbai cikin sa'o'i kaɗan. Wannan aiki kuwa wasu furotin ne ke yin sa, waɗanda ba a ganin su a hoton, ba kuma a cika ambatonsu a rediyo ba.

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar COVID-19 a Nijeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Cikin 'yan kwanaki masana a Jami'ar Redeemer's da ke garin Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da abokan aikinsu na cibiyoyin lafiya na ƙasa, suka karanta kundin gadon ƙwayar tun daga farko har ƙarshe. Shi ne karo na farko da aka yi haka a nahiyar Afirka. Abin da suka karanta wani dogon zare ne na sinadarin RNA, mai haruffa kusan 30,000.

Rubutu da haruffa huɗu

An gina jikinmu da wasu ƙananan ɗakuna da ake kira sel. A cikin kowane sel akwai kundin gado da aka rubuta a kan sinadarin DNA. Idan sel yana bukatar wani furotin, sai ya kwafi shafin da ya dace zuwa kan RNA, ya aika da shi wurin wasu 'yan injuna da ake kira ribosom. Ribosom kamar masaƙa yake. Yana karanta saƙo, yana jera sinadaran amino ɗaya bayan ɗaya, har furotin ya kammalu. Haruffan RNA huɗu ne rak, watau A da U da G da C, kuma kowanne yana da abokin da yake haɗuwa da shi: A da U, G da C. Wannan ƙa'ida ta abokantaka ita ce tushen duk wani kwafi.

Kundin ƙwayar SARS-CoV-2 da aka fara bugawa a watan Janairun 2020 yana da haruffa 29,903. Idan aka kwatanta da na ɗan Adam mai haruffa wajen biliyan 3, wannan ba kome ba ne. Amma a tsakanin ƙwayoyin bairus masu kundin RNA, korona giwa ce. Ta shan inna haruffanta kimanin 7,500 ne, ta mura 13,500, ta ƙyanda kusan 16,000, ta Ebola kuwa wajen 19,000. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, za mu dawo kansu.

Matsalar farko da ke gaban ƙwayar ita ce sel ɗin mutum ba shi da injin da zai kwafi dogon RNA daga wani RNA. Ya san kwafar DNA zuwa DNA, ya san DNA zuwa RNA, iyakarsa ke nan. Ƙwayoyin mura da Ebola sukan taho da nasu injin a cikin ƙunshinsu. Korona ba ta ɗauko inji ba, umurnin ƙera shi ta ɗauko. Kundinta ya yi shigar saƙon sel sak, har da wata alama a kansa da masana ke kira hula, saboda haka da shigarsa sai ribosom ya kama karatu, bai san baƙo yake yi wa aiki ba.

Kashi biyu cikin uku na kundin, watau haruffa wajen 20,000 na farko, duk bayanin wannan inji ne. Ribosom yana saƙa su a matsayin furotin guda mai tsawon gaske, mai sinadaran amino fiye da 7,000, tamkar bandir ɗin yadi da ba a yanka ba. Abin sha'awa, almakashin da za su yanka yadin a jikin yadin aka saƙa su. Guda biyu ne. Ɗaya yana cikin yankin da ake kira nsp3, yana yanka a wuri 3. Ɗayan shi ne nsp5, yana yanka a wuri 11. Ɗalibi mai lura zai ce yanka 14 gutsure 15 ya kamata ya bayar, to ina na goma sha shida? Gaskiyarsa. Amsar tana cikin wata dabara ta biyu.

Ribosom yana karanta haruffa uku-uku. A wajen tsakiyar wannan yanki akwai jerin haruffa bakwai, UUUAAAC, sa'an nan a gaba kaɗan zaren ya ƙulle kansa ya yi ƙulli. Idan ribosom ya iso nan yakan yi tuntuɓe. Wani lokaci ya wuce daidai, sai ya tarar da alamar tsayawa a gaba kaɗan, ya saki gajeren bandir, wanda ɗan gutsuren ƙarshensa shi ne nsp11. Wani lokaci kuwa ya zame baya da harafi ɗaya, sai duk rabon haruffan ya sake. A gwada da jimlar INA SON ALI. Idan bayan an karanta INA aka koma baya da harafi ɗaya, za a sami INA ASO NAL. A Hausa ma'ana ta lalace. A kundin korona kuwa wata sabuwar ma'ana ce ke fitowa: alamar tsayawa ta ɓace, karatu ya zarce, a sami dogon bandir mai ɗauke da nsp12 zuwa nsp16. Ian Brierley da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka gano wannan a 1987, a jikin wata korona mai kama kaji. Amfaninsa ga ƙwayar shi ne daidaita yawan ma'aikata: waɗanda ke gaban ƙullin ana yin su da yawa, manyan injuna na bayansa kuwa kaɗan.

Da zarar an yanka su, kowa sai ya kama aikinsa. Nsp1 yana toshe bakin ribosom don saƙonnin sel su kasa shiga, alhali na ƙwayar suna samun hanya. Nsp3 da nsp4 da nsp6 magina ne. Suna jan tantanin da ke cikin sel, su naɗe shi ya zama 'yan jakunkuna masu bango biyu, a ciki ake yin kwafi a ɓoye. Dalilin ɓoyon shi ne, a lokacin kwafi akan sami RNA mai zare biyu a tufke, abin da lafiyayyen sel bai saba gani ba, kuma da ya hango shi zai yi kururuwa da sinadarin intaferon. A 2020 masana a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan suka nuna cewa jakunkunan suna da 'yar ƙofa, wadda nsp3 ne ginshiƙinta, ta inda sababbin kundaye ke fita.

Magatakarda da mataimakansa

Shugaban ma'aikatan shi ne nsp12, wanda ake kira folimares. Sinadaran amino 932 gare shi, kuma siffarsa ta yi kama da hannun dama da aka ɗan dunƙule, har masana sukan kira sassansa yatsu da tafi da babban yatsa. Tsohon zare yana shiga ta tsakiya, shi kuma yana ɗauko haruffa daga cikin sel yana ɗora wa kowanne abokinsa: ya ga A ya sa U, ya ga G ya sa C. Abin da ke fitowa da farko kishiyar kundin ne, kamar rubutun jikin hatimi da ke a juye. Daga wannan hatimi ake buga kundaye na ainihi masu yawa.

Shi kaɗai nsp12 rago ne, da ya rubuta kaɗan sai ya suɓuce daga zaren. Sai an haɗa shi da nsp7 guda ɗaya da nsp8 guda biyu yake zama gwani, har ya riƙa jera haruffa fiye da ɗari a daƙiƙa guda. A watan Mayun 2020 rukunin Patrick Cramer na Cibiyar Max Planck da ke Göttingen a Jamus ya fitar da siffar injin yana tsakiyar aiki, ta hanyar madubin lantarki mai duba abin da aka daskarar, dabarar da ta samo wa masu ƙirƙiro ta lambar Nobel a 2017. A siffar an ga kowane nsp8 ya miƙa wani dogon hannu yana tallafe zaren da ke fitowa, don kada magatakarda ya rabu da takardarsa kafin ya kai ƙarshe. Akwai kuma nsp13, wanda ke warware tufkar RNA yana ƙona makamashin sel. Sa'an nan kowane sabon kundi sai an sa masa hula irin ta saƙon sel, aikin da nsp9 da nsp12 da nsp14 da nsp16 ke yi hannu da hannu. Kundin da hularsa ba ta cika ba, 'yan gadin sel suna gane shi baƙo ne.

Mai duba rubutu

A ganina nan ne labarin ya fi daɗi. Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawa ya san abin da ke faruwa idan ɗalibi ya kwafi darasi daga littafin abokinsa, wanda shi ma daga na wani ya kwafa. Na taɓa bin sawun wata kalma guda da aka rubuta ba daidai ba a takardun ɗalibai da dama, kowa ya ɗauko kuskuren na gabansa ya ƙara nasa, har jimlar ta koma abin da ban taɓa faɗa a aji ba. Folimares na ƙwayoyin RNA haka suke, suna da sauri amma ba sa waiwaye. Yawan kuskurensu yakan kama daga harafi ɗaya cikin 10,000 zuwa ɗaya cikin 1,000,000.

Mu ɗauki adadin farko mu yi lissafi. Ƙwaya mai haruffa 7,500 za ta sami ƙasa da kuskure ɗaya a kowane kwafi, saboda haka da yawa daga 'ya'yanta za su fito lafiya. Mai haruffa 30,000 kuwa za ta sami kuskure uku a kowane kwafi, jikoki su gaji shida, tattaɓa kunne tara. Mafi yawan kurakurai ɓarna suke yi, don haka ba da jimawa ba zuriyar za ta rushe. Masanin nan na Jamus, Manfred Eigen, ya bayyana wannan iyaka da lissafi tun 1971: tsawon kundi ba zai wuce abin da ingancin mai kwafinsa zai iya ɗauka ba. Shi ya sa yawancin ƙwayoyin RNA gajeru ne. To, yaya korona ta tsallake wannan shinge?

A 2003, shekarar da cutar SARS ta kama mutane wajen 8,000 ta kashe 774, Eric Snijder da Alexander Gorbalenya da abokan aikinsu suka duba kundin ƙwayar, suka lura cewa wani sashe na nsp14 ya yi kama da furotin ɗin da ke gyara kuskure a wajen kwafar DNA. Hasashe ne a lokacin, domin ba a san wata ƙwayar RNA mai irin wannan ba. A 2006 aka tabbatar a ɗakin gwaji cewa nsp14 yana iya gutsure haruffa daga ƙarshen zaren RNA. A 2007 rukunin Mark Denison na Jami'ar Vanderbilt a Amurka ya lalata wannan sashe a jikin wata korona mai kama ɓeraye, sai kurakuranta suka ninka wajen sau 15. Da suka maimaita da ƙwayar SARS a 2010, sun ninka wajen sau 20. Watau nsp14 mai duba rubutu ne. Idan nsp12 ya sa harafin da ba shi ba, zaren yakan ɗan karkace, sai nsp14 ya cire harafin a sake rubutawa. Shi ma yana da mataimaki, nsp10, wanda in babu shi aikinsa ba ya ƙarfi. A 2020 aka nuna cewa ƙwayoyin MERS da SARS-CoV-2 ba sa ma iya hayayyafa in aka kashe wannan sashe. Wata hujjar kuma ita ce, a cikin babban dangin korona, masu kundin da ya haura haruffa 20,000 suna da mai duban nan, 'yan uwansu masu gajeren kundi kuwa ba su da shi.

Wannan ba zancen ɗakin gwaji kaɗai ba ne. Maganin ribavirin, wanda likitocinmu suka daɗe suna bai wa masu zazzaɓin Lassa, harafin jabu ne da ke yaudarar folimares. An ba da shi ga masu SARS a 2003 ba a ga wani amfani bayyananne ba. Daga baya aka gane ɗaya daga cikin dalilan: nsp14 yana tsince shi ya yar.

Mai karatu zai iya tambaya, idan har korona tana gyara rubutunta, daga ina Alfa da Delta da Omikuron suka fito? Mai duba rubutu yana rage kuskure ne, ba ya kawar da shi. A farkon annobar ƙwayar tana tara canji wajen biyu a wata, abin da bai kai na mura ba. Amma idan ɗaruruwan miliyoyin mutane suka kamu, kowanne jikinsa na yin biliyoyin kwafi, kuskuren da ba kasafai yake aukuwa ba ma sai ya auku, kuma wanda ya taimaki ƙwayar shi zai yaɗu.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta samo asali daga wata ɗabi'a ta nsp12. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen kundi shi ke ɗauke da bayanin ƙaya da sauran kayan jikin ƙwayar. Ribosom kuwa ya saba karanta bayanin da ke farkon saƙo ne kawai. Don haka sai an yi wa kowane bayani nasa gajeren saƙo. A gaban kowanne akwai 'yar alama mai haruffa ACGAAC. Idan nsp12 ya iso kanta yana cikin yin hatimi, wani lokaci yakan yi tsalle ya dira can farkon kundi inda irin alamar take, ya ƙarasa da haruffa wajen 70 na can. Stanley Sawicki da Dorothea Sawicki suka kawo wannan bayani a 1995. Sakamakon shi ne jerin saƙonni masu ƙarshe ɗaya, kowanne yana shiga cikin wanda ya fi shi tsawo kamar jeren ƙore, kuma daga nan dangin ya samo sunansa Nidovirales, daga kalmar Latin mai nufin sheƙa. To, magatakardan da ya saba tsalle, idan ƙwayoyi iri biyu suka haɗu a sel ɗaya, yana iya farawa da kundin wannan ya ƙare da na waccan. Haka nau'in XBB ya samu a 2022, daga haɗuwar rassa biyu na Omikuron. Wannan ne ya sa masana ke sa ido kan koronar dabbobi. Ƙwayar MERS, da aka gano a Saudiyya a 2012, wadda ke kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu, a jikin raƙuma take zaune, kuma wani bincike na 2015 ya same ta a raƙuman da aka kai mayanka a Kano, ko da yake irin ta Afirka ta ɗan bambanta da ta Larabawa.

Inda magani ke kai hari

Ƙaya tana yawan sake kama domin ita garkuwar jiki ke fafara. Injin kwafi kuwa ba ya jure canji. Tsakanin ƙwayar SARS ta 2003 da ta COVID-19, ƙayoyinsu sun yi daidai da wajen kashi 76 cikin 100, alhali nsp12 ɗinsu ya yi daidai da kashi 96. Saboda haka maganin da ya kama injin yana da damar daɗewa yana aiki, har ma ya kama koronar da ba ta bayyana ba tukuna.

Remdesivir na kamfanin Gilead an gwada shi kan Ebola a ƙasar Kwango a 2018 zuwa 2019, wasu magungunan suka fi shi. Ya yi kama da harafin A, kuma nsp12 yana karɓarsa da sauri. Dabararsa ita ce ba ya tsayar da rubutu nan take. Sai an ƙara haruffa uku a bayansa sa'an nan yake cije wa injin, lokacin ya riga ya ɗan shige ciki, ba ya bakin zare inda nsp14 ya fi kai hannu. Amurka ta amince da shi a Oktoban 2020. Babban gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna bai rage mutuwa sosai ba ga waɗanda ciwo ya riga ya kwantar a asibiti, amma wani gwajin ya nuna ya rage kwanciya asibiti da kashi 87 cikin 100 idan an ba da shi da wuri.

Molnupiravir, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Emory, lissafin Eigen ya mayar makami. Harafi ne mai fuska biyu, yau a karanta shi C gobe U, kuma ba ya karkatar da zare yadda mai duba zai lura. Kurakurai sai su taru har zuriyar ta rushe. Ingila ta fara amincewa da shi a Nuwamban 2021. Ni dai ina ɗari-ɗari da shi. Amfaninsa a sakamakon ƙarshe na gwaji wajen kashi 30 ne cikin 100, kuma a 2023 aka buga binciken da ya gano tambarin kurakuransa a wasu ƙwayoyin da suka tsira, har wasunsu suka kama wasu mutane.

Na uku bai taɓa magatakarda ba, almakashi ya nufa. Nirmatrelvir, wanda kamfanin Pfizer ke sayarwa da sunan Paxlovid tun Disambar 2021, yana toshe bakin nsp5. Idan ba a yanka bandir ba, babu nsp12, babu nsp14, babu kwafi. Nsp5 yana yanka ne a bayan sinadarin amino mai suna gulutamin, salon da ba a san almakashin jikin mutum da shi ba, don haka maganin ba ya cika taɓa namu. A gwajin da aka yi da manya marasa rigakafi masu haɗarin tsananin ciwo, ya rage kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 89 cikin 100. Ana haɗa shi da ritonavir, tsohon maganin ƙanjamau, wanda aikinsa a nan shi ne hana hanta saurin narkar da shi. Wannan hanin yana shafar wasu magungunan ma, irin na zuciya da na rage kitsen jini, don haka ba a shan sa sai likita ya ga jerin abin da majiyyaci ke sha. Kuma dole a fara shi cikin kwana biyar da bayyanar alamu, domin a kwanakin nan ne injin kwafi ya fi aiki. Bayan haka yawancin ɓarnar da ake gani a huhu daga martanin garkuwar jikin majiyyacin take fitowa, kuma a wannan mataki magungunan kwantar da kumburi irin dexamethasone likita yake komawa gare su.